Atamfar da Ba Ta Fito Kasuwa Ba

A gidan Hajiya Maimunatu da ke unguwar Bromakoté akwai wani kofin silba mai lotsattsen baki, rataye a ƙusa nesa da sauran kwanuka. Na Kailu ne, ƙanen marigayi mijinta. Tun da ya yi jinya a wani asibitin mishan ya fito yana cewa sunansa Bulus ta ware masa shi, kuma ba ta taɓa kiransa da sabon sunan ba. Lebura ne a tashar jiragen ruwa ta Treichville. Duk Lahadi in an tashi daga coci sai ya hau gbaka, ƙaramar bas ta haya, ya zo gaishe ta, ya zauna a bakin ƙofa, ya sha ruwa a kofinsa kamar bai san abin da ake nufi ba. Wannan rashin zuciya nasa ya fi komai ƙona mata rai.

Da shiru yake yi ma da sauƙi. Amma kana tambayarsa lafiya sai ya ɗauko maka zancen Almasihu, wai Allah ya so mutane tun suna tsundum cikin zunubinsu, wai marar laifi ya ɗauki laifin masu laifi ya mutu dominsu.

"Kai dai sha ruwanka," in ji Hajiya. "Wani ya yi ta'asa, wani ya sha duka, shi ne adalci? Addinin malalata ke nan. Kowa kayansa zai ɗauka."

"Ai ba adalci na ce ba, Yaya. Ƙauna na ce."

Sai ta ja tsaki ta juya masa baya.

Abin alfaharinta a duniya shi ne autanta Hadi. Ya yi makarantar Faransanci, yana ɗaura laktaye, Hausa kuwa in yana yi sai ka ce da doya mai zafi a bakinsa. Akawu ne a wani kamfanin fiton kaya, shi ke duba abin da su Kailu suka sauke a sito. Kwanan baya ya kawo mata turmin atamfa 'yar Holan, shuɗiya mai tsuntsaye ruwan zinariya. Da ta ɗaura ta wurin suna a unguwar 220 Logements, mata suka yi ta shafawa suna tambaya, don ko a babbar kasuwar Adjamé ba wadda ta taɓa ganin irinta. Hajiya ta dawo gida da ƙyar take taka ƙasa.

Ba a jima ba aka ce dilar atamfa ta ɓace a siton. Yadda ake yi a tashar kuwa, in kaya ya ɓace sai a tsare leburan da suka sauke shi duka, har da akawun ranar, sai wani ya amsa laifin. Wanda ya amsa ya rasa katin aikinsa, ya tafi kurkuku, in baƙo ne kuma a tsallakar da shi iyaka bayan ya gama. Aka kwashe su, da Kailu da Hadi a ciki.

Hankalin Hajiya ya tashi ƙwarai. Ta daina cin abinci, ta yi sadakar waina, ta zaga malaman unguwa. Ɓarawo kuwa ai ta san shi tun kafin a bincika. Mutumin da aka gaya masa an riga an yafe masa, me zai hana shi sata? Atamfar da ke cikin akwatinta ko kusa ba ta zo mata a rai ba.

Rannan da hantsi sai ga Hadi ya shigo, riga a yamutse.

"Mama, sun sake mu. Tonton Kailu ya amsa," in ji shi, don haka yake kiran baffansa da Faransanci.

Ta yi hamdala, sannan ta ji wani daɗi na daban, irin na wanda maganarsa ta tabbata. Washegari ta ɗaura shuɗiyar atamfar, ta zuba atiyeke, wato dambun rogo, da kifi a wani tsohon kwano, ta tsallaka gada zuwa Treichville. Ba tausayi ya kai ta ba, so take ta ga idonsa.

Ta same shi bayan ƙarafa a komisariya, ofishin 'yan sanda, leɓe a kumbure, ido ɗaya a rufe. Wani ɗan sanda da ba ya jin Hausa yana zaune kusa yana karanta jarida.

"Sannu, mai wa'azi," ta ce. "To, ina wanda yake ɗaukar muku laifin? Bai zo ba ne? Ka ja wa gidan yayanka abin kunya, ka kusa jawo wa marayansa ɗauri."

Kailu bai dubi fuskarta ba, zanen jikinta yake kallo. Ya matso, ya rage murya.

"Yaya, ja mayafinki ki rufe zanen nan. Ƙyallensa na kan teburin kwamishina. Ba a fitar da shi kasuwa ba tukuna, dilar da ta ɓace kaɗai aka buɗe."

Hajiya ta dubi tsuntsayen da ke kan cinyarta. Ta ja mayafin ta rufe kafin ma ta gama fahimtar abin da ya faɗa.

"Don me?" ta ce da ƙyar.

"Ɗan yayana ne, kuma yanzu ya fara rayuwa. Ni an riga an ɗauke mini wanda ya fi wannan nauyi."

"Bai cancanta ba."

"Ni ma ban cancanta ba, Yaya. Ki tafi a hankali, kada ki bi ta ƙofar ofis."

Ta iske Hadi a tsakar gida ya yi wanka ya canza riga, yana cin shinkafa a farantin tangaran, rediyo na kiɗa a gefensa. Ta yaye mayafin ta tsaya a gabansa. Ya dubi zanen, ya kau da kai, ya ci gaba da tauna.

"Mama, ni ban roƙe shi ba fa. Shi ya ce moi j'ai l'avenir, ni ke da sauran rayuwa a gaba, shi ba shi da kowa. Ai addininsu ne ya ce su yi haka. Ke ma kin sha faɗa, ba su da wayo."

Ba ta taɓa jin ta raina wani mahaluki kamar yadda ta raina wannan yaro mai ƙamshin sabulu ba, kuma muryarta ce take ji tana fitowa daga bakinsa. Ta shiga ɗaki ta kwance zanen. Komisariya ba nisa, gbaka ɗaya ce, kuma ga shaida a hannunta. Ta daɗe tsaye tana riƙe da shi. Sannan ta ninke shi ta tura can ƙasan akwati, ta danne da tsofaffin kaya, ta kulle. Ta san ba za ta koma ba. Ita da ta ce kowa kayansa zai ɗauka, ga shi ta bar wa Kailu nata da na ɗanta.

Da ta fito ƙishirwa ta kama ta. Ta wuce kofunan gilashi, ta miƙa hannu ta sauko da na kan ƙusa, ta ɗebi ruwa a randa.

"Mama, na Tonton ne wannan," in ji Hadi.

"Na sani," ta ce, ta kafa kai ta shanye.