Tukunya Mai Maɓallin Soja

Saloma ta durƙusa a gaban murhu, ko jakar tafiya ba ta sauke daga kafaɗa ba, tana shafa jikin tukunyar nan da tafin hannu kamar mai laluben ƙurji a jikin jinjiri. Ta shafa nan, ta zagaya ta shafa can, ta kai yatsa ƙarƙashin kunnen dama inda ya kamata ta ji wani ɗan tudu. Sumul. Tukunya ce sabuwa fil, ko hayaƙi bai taɓa gindinta ba.

"Gladys!"

Gladys, matar ɗanta Ezekiel, ta fito daga ɗaki tana goge hannu da zani, da murmushin wadda ta yi abin a yaba mata.

"Mama, sannu da hanya. Yaya mutanen Manga? Yaya haƙuri?"

"Ina tukunyata?"

"Ai ga ta nan, Mama. Sabuwa na karɓo miki."

To, kwana biyu kacal Saloma ta yi a Manga wajen gaisuwar mutuwa. A kwana biyun nan matan zumunta na coci suka roƙi Gladys ta dafa musu shinkafar taro. Ta dafa, ta kwashe, hira ta ɗauke ta, ta manta babbar tukunya a kan garwashi ba kome a ciki sai ƙanzo. Da ta ji ƙauri sai ta ruɗe, ta ɗebo ruwan randa mai sanyi ta sheƙa. Ƙas! Tukunya ta tsage tun daga baki har gindi. Yarinya ta rasa inda za ta sa kanta don kunya. Da safe ta cusa ta a buhun taki, ta ɗaure baki, ta kai wa Malam Arzika mai zubin tukwane a bayan kasuwa, ta yi abin da kowace mace ke yi a Zuru: a ba da tsohuwa, a cika ɗan abin da ya sawwaƙa, a karɓo sabuwa.

"Girmansu ɗaya fa, Mama. Na gwada da hannu."

Saloma ta janye hannu daga jikin tukunyar. Me za ta ce? Laifin wa?

Ku bari in koma baya kaɗan, don in ba ku san tukunyar ba, za ku ce tsohuwa ce ke rigima a kan ƙarfe. Mijin Saloma, Kofur Philip, soja ne kamar rabin mazan garin nan. An tafi da su Laberiya, shekara goma sha biyu ke nan, bai dawo ba. Ba a kawo gawa ba, ba kabarin da za a share wa ciyawa. Akwatin ƙarfe kawai aka kawo, a ciki akwai kaki biyu, da kwanonin cin abincinsa na alminiyam, da gorar ruwa duk ta lotse, da kofi, da cokali. Shekara guda tana buɗe akwatin tana rufewa. Wata rana ta kwashe kwanonin, da gorar, da kofin, ta haɗa da tukunyar da uwarta ta ba ta ranar aure, ta ƙulle su a zani ta kai wa Arzika. Ta ce a narka su su kaɗai, kar a sa ko gwangwani ɗaya na wani. Ta zauna a kan dutse har aka gama. Kafin a zuba, ta ciro maɓalli daga kakin Philip, Arzika ya danna shi cikin ƙasar zubi, sai tukunya ta fito da siffar maɓallin a ƙarƙashin kunnen dama.

Da tukunyar nan aka yi bikin Ezekiel. Da ita ake tuwon dawa na Kirsimeti. Kuma tun ranar da Gladys ta shigo gidan, ba dokar da ba a karanta mata ba. Kar a kankare ƙanzo da wuƙa, a jiƙa shi ya saki da kansa. Kar miyar tsami ko ta kanwa ta kwana a ciki, tana cin ƙarfe. A shafa wa gindi toka da ruwa kafin a ɗora. A wanke, a kife a kan dutse ta sha iska. Uwa uba, kar a zuba mata ruwan sanyi tana da zafi. Duk Saloma ta faɗa, har Gladys kan kwaikwayi muryarta in ba ta nan. Dalilin ne kawai ba ta taɓa faɗa ba. Ezekiel ya sani, amma yana can bariki a Jos, kuma namiji ba ya zama yana ba matarsa tarihin tukunya.

"Ƙarfe nawa kika kai ta?" in ji Saloma.

"Da sassafe, Mama. Wani abu ne?"

Saloma ta dubi rana. Ta wuce tsaka. Ta rungumi sabuwar tukunyar ta yi waje, ta tsayar da ɗan kabu-kabu.

"Bayan kasuwa, wajen masu zubi. Ka yi sauri, ɗana."

"Mama, sauri da wagga tukunya a bayana? In munka hwaɗi ita za ta tsira, mu a kai mu asibiti."

Ranar kasuwa ce, hanya ta cushe da motocin dawa da masu jan awaki. Tana zaune a baya, kunnen tukunya na cin haƙarƙarinta, tana ta lissafi da zuci. Wataƙila bai fara ba. Wataƙila gawayi ya ƙare masa. Ai Arzika ya san tukunyar, shi ya zuba ta da hannunsa, da ya gani zai ajiye gefe.

Tun daga nesa ta hango hayaƙi.

Rumfar Arzika ba ta canza ba. Tsibin gwangwanayen lemo a gefe ɗaya, da fiston mota, da tsoffin kwanoni, da ƙarafan taga. Ga ƙafar keken da yake juyawa da hannu tana hura wuta. Ga akwatunan katako cike da baƙar ƙasa. Shi kuwa yana zaune a kan buhu, ya matse ƙaramar tukunya tsakanin gwiwoyi yana goge mata baki da magagari. Ya tsufa. Idonsa na hagu ya yi fari fat.

"Salama alaikum, Malam Arzika."

Ya karkata kai ya dube ta da ido mai gani. "A'a, matar Kofur! Lahiya? Kin ɓace muna. Ko tukunyar taki ta ƙi lalacewa ne ki zo mu gaisa?"

"Surukata ta kawo maka tukunya da safe. A buhun taki."

"An kawo. Wata ɗiya mai hankali, har ƙasa ta gaishe ni. Ashe taki ce."

"Ina take?"

Arzika ya ajiye magagari a hankali.

"Wace tukunya ce cikin buhun, matar Kofur?"

Ya dubi fuskarta, sai ya gane. Ya sa hannu biyu ya dafe kai.

"Innalillahi. Aradu ban gani ba. Ban buɗe ba." Ya nuna farin idonsa. "Tun da ɓarɓashi ya shige ni nan, shekara ukku, ba ni hwasa tukunya a fili. Cikin buhunta nika dukanta da guduma, baki ɗaure, sai ta yi gutsi-gutsi in zazzage cikin wuta. Da ta zo da ita ƙulle a zani, irin yadda kinka yi, da na san ta keɓe ce. Abin da anka kawo cikin buhu na musanya ne. Kowa ya san haka."

Kowa ya san haka, gaskiya ne. Gladys ma ta sani, shi ya sa ta nemi buhu.

"Ko gutsure ɗaya bai rage ba?"

Ya tashi da ƙyar, ya ɗauko buhun, ya juye shi ya kakkaɓe. Ƙura ce ta zubo, da ɗan baƙin ƙanzo. Saloma ta tsuguna tana tona toka da yatsu a gefen wuta, ta ɗaga wannan, ta jefar, ta ɗaga wancan. Arzika ya bar ta. Da ta gaji ta zauna a kan dutsen nan, shi dai dutsen da ta zauna a kai wancan karon.

"Me ka zuba da ita?"

"Ƙanana. Na haɗa da gwangwani da fiston guda biyu, don ta yi auki. Bakwai sunka hito."

Ta dubi gabansa. Uku ne a jere.

"Sauran fa?"

"Wata Indo mai ƙosai ta ɗauki guda. Biyu, wani ya saya ma matanai, ya ce motar Sakaba za shi shiga. Guda kuma wata tsohuwa daga Kanya, ban san sunanta ba."

Saloma ta miƙe kamar za ta bi su, ta kai bakin rumfa ta tsaya. Kasuwar Zuru ce a gabanta, kai da kai, kowace mace da kaya a ka. Wace Indo? Masu ƙosai nawa ne a garin nan? Motar Sakaba kuwa in ta cika ba ta jiran kowa. In ma ta same su, ta ce musu me? Ku ba ni tukunyarku, mijina na ciki? Ta dawo ta zauna.

"Ɗauki ukkun nan duka," in ji Arzika. "Ki bar mini babbar, mun yi musanya. In kina so in sake narka su in zuba miki guda, ki kawo wani maɓallin."

"A wacce ya fi yawa?"

"Wa?"

"Philip."

Tsohon ya daɗe yana kallon tukwanen. Da wani ne da ya nuna ɗaya don ta samu sanyi, amma Arzika bai iya wannan ba.

"Matar Kofur, ƙarfe in ya narke ba shi da nawa da naka. Yana cikin duka bakwai ɗin. Ko ni da na zuba ban iya raba shi da gwangwani."

Ta ɗauki ɗaya ta juya. Da ɗumi har yanzu. Ta ɗauki ta biyu, nauyinsu ɗaya, fuskarsu ɗaya, ba abin da hannu zai kama. Ana cikin haka sai ga Madam Josephine, 'yar ƙabilar Ibo mai shagon abinci a bakin tasha, ta shigo da saurinta tana fifita da gefen zani.

"Baba Arzika, ina tukunya na? Tun safe na ce ka ajiye mini ɗaya na miya. Kai, Maman Ezekiel, ina wuni? Ke ma kin zo siyayya?"

Arzika ya dubi Saloma. Ya riga ya yi alkawari da safe, amma ya yi wani yanzu. Ya fara cewa, "Madam, ki dawo jibi," sai Saloma ta ɗaga hannu.

Uku daga bakwai, ko biyu, ko ɗaya, duk bai cika ba. In an sake narkawa an danna maɓalli, gwangwanin lemo ne zai sa maɓallin soja. Ta miƙa wa Josephine wadda ke hannunta, amma ba ta saki ba.

"Kafin ki yi miya, ki tafasa dusa a ciki sau ɗaya, ta kashe ƙarnin ƙarfe."

"To, Mama."

"Kar ki kankare da wuƙa. Ki jiƙa. Miyar tsami kar ta kwana a ciki."

"Na ji."

"In tana da zafi, ko gobara ake yi, kar ki zuba mata ruwan sanyi."

Josephine ta yi dariya. "Haba Mama, tukunya ne fa, ba amarya ba! In ya fashe ai Baba yana nan, zai narka."

Saloma ta saki. Ta bi ta da ido, tukunya na lilo a hannunta tana bugun cinya, har ta shige tsakanin masu albasa. Ba ta san cikin shagon Josephine ba, amma ta san yadda ake wanke-wanke a shagon abinci.

Ɗaya ta ɗauka. Ta ce wa Arzika ya sayar da ta ƙarshen, sai dai ya faɗa wa mai saye maganar ruwan sanyi. Ya ce zai faɗa. Ta kwance ɗankwalinta ta ƙulle tukunyar a ciki, ta tafi gida a ƙasa, da la'asar sakaliya.

Gladys na zaune a bakin murhu, ido ya kumbura. Ba ta san abin da ta yi ba, amma ta san ta yi. A gefenta ga tsohon murfin babbar tukunya, wanda ta manta ba ta sa a buhu ba, ta wanke shi tas da toka. Murfin kasuwa ne, ba kome na Philip a jikinsa.

Saloma ta kwance ɗankwali, ta ɗora ƙaramar tukunyar a kan duwatsun murhu. Duwatsun sun yi mata faɗi, ta zurma tsakaninsu ta karkace. Gladys ta yi maza ta matso da dutse ɗaya, sannan, don ta yi wani abu da hannunta, ta ɗauki murfin ta rufa. Ya haɗiye tukunyar gaba ɗaya, ko kunnenta ba a gani.

"Mama, ki yafe mini. Ban san..."

"Na san ba ki sani ba." Saloma ta jawo kujera ta zauna, gwiwoyinta na ƙara. "Ɗauko dusa. In kin ɗora, ki shiga ɗakina, ƙarƙashin gado akwai akwatin ƙarfe. Jawo shi nan."