Mala Bai Iso Fage Ba

Gwadabe yana cikin saran haƙarƙarin bijimi sai Malam Usman, akawun ofishin En'e, ya jingine kekensa a jikin rumfar mahauta, ya zaro takarda daga aljihu. Ranar kasuwar Haɗeja ce, mutane da ƙuda kowa yana neman hanya.

"Sarkin Dambe, barka da kasuwa. Di'o, Baturen mulki, shi ya aiko ni. Turawa za su yi wasa a Kano, an ce kowace ƙasa ta tura gwaninta. Jibi za ka hau jirgin ƙasa a Malam Madori. Sai dai Bature ba ya jin kirari, takarda yake ji. Yana son sunan duk wanda ka kara da shi, da garinsu, da yadda aka ƙare."

Gwadabe ya goge hannu a jikin walki. Kaka goma sha ɗaya ke nan yana riƙe da sarautar damben Haɗeja. Kowace kaka akan kawo masa mai nema, kowace kaka mai neman ya koma gida yana kakkaɓe ƙasa. Bai taɓa taka Kano ba, kuma ya daɗe yana so a ji sunansa a can, har son ya fara ba shi kunya, don furfura ta fara leƙowa a gemu.

"A kira Baba Ya'u," in ji shi. "Shi ya riƙe sunayen."

Baba Ya'u shi ne makaɗin da ke masa kalangu tun yana saurayi. Yanzu ido ya tafi, haƙora sun bi bayansa, amma baki yana nan daram, abin da ba kowa ke murna da shi ba. Wani mahauci ya riƙo masa sanda har bakin rumfa. Ya zauna a kan kututture, kalangu a hammata kamar kullum.

"Rubuta, Malam. Na farko Hamman na Birniwa. Wannan namiji ne, ka rubuta shi da manyan baƙaƙe. Turmi uku suka yi kafin ya kai ƙasa. Na biyu Autan Kaugama. Shi ma ba laifi, sai dai zazzaɓi ya riga Gwadabe kayar da shi. Na uku wani Muhammadu mai jaki, jikokinsa ne suka rako shi fage."

Mahauta suka kwashe da dariya. Gwadabe ma ya yi yaƙe.

"Baba," in ji akawu, "Bature yana so ya san ko ƙarfafa ne."

"To ai shi nake gaya maka. Daga na huɗu zuwa na goma sha ɗaya kuwa, Isa ne ya zaɓo su."

Isa yayan Gwadabe ne, shi ke shirya masa karawa har ya rasu bayan kakar da ta wuce.

"Allah ya jiƙan Isa, yana da ido," Baba Ya'u ya ci gaba. "In ya shiga ƙauye ya tarar da samari goma, wanda ya fi faɗin ƙirji da sanyin ƙafa shi zai ɗauko. Mutane su ga ƙato ya faɗi, su tafi gida suna labari."

Dariyar ta yi ƙasa. Malam Usman ya rubuce sunayen tsaf, sannan ya ƙara layi ɗaya a ƙasa ya karanta da ƙarfi: "Ya kayar da duk wanda ya neme shi." Ya buɗe gwangwanin tawada ya miƙa. "Dangwala yatsa nan, shi ke nan."

"Duk wanda ya iso dai," in ji Baba Ya'u, a hankali.

A tsallaken hanya, Zaituna mai bandar kifi tana korar ƙuda da faifai. Faifan ya tsaya.

Zaituna yayar Mala ce. Shi kuwa Mala manomin shinkafa ne daga wani ƙauye a tsallaken kogi, wajen Auyo. Bahago ne, dogo, ba mai yawan magana ba. Sau ɗaya Gwadabe ya taɓa ganin dambensa, ya dawo gida abinci ya ƙi shiga. A kaka ta huɗu Mala ya aiko cewa yana zuwa.

Da hantsin ranar karawa Gwadabe yana shan fura a zaure, ya ji Isa a ƙofar gida yana gaya wa babban masu fito cewa akwai fatu da za a kwaso a ƙasan kogi, a tafi da kwale-kwale gaba ɗaya, kada a dawo sai gobe. Ba wasu fatu. Gwadabe ya ji komai, ludayi a hannunsa. Ya ce a ransa Mala zai zo bakin ruwa ya ga ba fito, ya koma gida, a ce ya gudu. Ya ci gaba da shan furarsa.

Abin da bai tuna ba shi ne ɗaurin hannu. Mutanen wancan gefen tun daga gida ake naɗe musu hannun duka da zare, da laya a cikin tafi, kuma ba a kwancewa sai hannun ya taɓa jikin abokin karawa. Wanda ya kwance kafin nan, a wurinsu ya sallama ke nan. Mala ya iso bakin kogi da hagunsa a ɗaure kamar kan taɓarya. Ruwa ya kawo, ya shafe fadama. Ya ari gorar wani masunci zai haye a kanta. Mutane suka ce ya kwance, gora sai da hannu biyu. Ya ce in ya kwance me zai je yi Haɗeja?

A fage aka yi ta kiɗa har la'asar ta yi sanyi. Da aka ga shiru, Isa ya turo wani ƙaton mai sanyin ƙafa, Gwadabe ya kayar da shi a turmin farko, aka yi guɗa. Bayan kwana biyu aka tsinci Mala cikin ciyawar fadama.

Tun daga ranar, duk sanda aka naɗe wa Gwadabe hannu sai ya ji zaren a jiƙe, da sanyi har kafaɗa. Kuma duk sanda ya shiga fage sai idonsa ya kai gefen hanyar kogi, inda yake ganin kamar mutane sun ɗan dare sun bar wurin tsayuwar mutum ɗaya. Bai taɓa gaya wa kowa ba, ko matarsa.

"Sarkin Dambe, tawada tana bushewa," in ji akawu.

Gwadabe ya ajiye wuƙa ya tsallaka hanya. Taku goma ne kacal. Ya durƙusa gaban tiren kifi.

"Yaya Zaituna, ina wuni."

"Shekara bakwai kana saran nama a gabana," in ji ta. "Yau ka gan ni?"

"Na ji sanda Isa ya sallami masu fito. Ina zaure. Ban ce komai ba."

"Na sani. Matar mai fito ta gaya mini tun ba a yi sadakar bakwai ba." Ba ta ɗaga murya ba. "Jira nake in ga ko bakinka zai iya ɗauka."

Ta sa hannu ƙarƙashin tire ta fito da wani ƙunshin tsumma ta buɗe. Zare ne, ya yi baƙi ya sandare, har yanzu da siffar dunƙulen hannu, an tsaga shi ta gefe ɗaya.

"Da wuƙa aka yanke, don a yi masa wanka. Shi bai kwance ba. Ina so ka san wannan."

Gwadabe ya kai hannu zai taɓa, ta janye.

"A'a. Bai neme ka a nan ba, a fage ya neme ka."

Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, da tsoro, tsoron nan dai na ranar da ya ga damben Mala. Ya miƙe ya koma rumfa. Mahauta duk suka sami abin yi da idanunsu.

"Malam, goge layin ƙarshen nan. Ka ƙara suna. Mala na Auyo. Ya nema, Gwadabe ya ji tsoro."

Malam Usman ya riƙe alƙalami a sama. "Ka san abin da kake yi? In Bature ya karanta wannan, ba kai ba Kano. Ɗan Hamman na Birniwa zai tura."

"Ya tura. Ubansa namiji ne."

"Ko in rubuta cewa ba a kara ba kawai? Ai gaskiya ce ita ma."

"Rubuta yadda na faɗa."

Akawu ya dubi takardar, ya dubi tsohon makaɗi. "To a ina zan sa shi? Na goma sha biyu?"

"Sama da Hamman," in ji Baba Ya'u.

Aka rubuta. Gwadabe ya dangwala yatsa. Malam Usman ya hura takardar ya ninke, ya hau kekensa bai ko yi sallama ba.

Baba Ya'u ya gyara kalangu a hammata. A al'adar fagen, makaɗin mai gida shi ke yi wa baƙo taken shigowa, kuma kowane baƙo da nasa.

"Akwai taken da na shirya wa Mala ranar nan," in ji shi. "Shekara bakwai yana mini nauyi a hannu."

Ya fara kaɗawa. Take ne da ba wanda ya taɓa ji, amma duk wanda ya girma a Haɗeja ya san me irinsa ke nufi. Masu hatsi suka dakata da awo. Zaituna ta miƙe tsaye da ƙunshinta. Kasuwa ta juya tana duban hanyar kogi, don a ga mai shigowa.

Gwadabe ma ya juya. Hannunsa na dama ya ɗauki sanyi har kafaɗa, ya tsaya yana jira.