Kabad a Bangon Alƙibla

Kabad ɗin ya iso siton Alhaji Saddique, bayan titin Guangyuan, ranar Talata. Na Madam Lin ne, wata mai tara kayan tarihi, zai ɗan zauna kafin a wuce da shi wurin baje koli. Ta ce wasu masu zane ne suka yi masa fenti da hannu a ɗakin aikinsu a Landan, sama da shekara ɗari da suka wuce. A ƙofofinsa akwai zanen mutum biyu suna wanka, ba sutura.

Masu sauke kaya suka jingine shi a bangon yamma, wanda a wannan ƙasar shi ne alƙibla, inda ma'aikata ke fuskanta in za su yi salla.

Shitu, Bakanon da ke ɗaure kaya a siton, ya ga ba a yin sujada gaban irin wannan. Kabad kuwa ya ƙi matsawa. Sai ya yi abin da hannunsa ya saba: ya rufe ƙofofin da kwali, ya bi da salatif mai ƙarfi, suka yi azahar.

Washegari da ya ɗaga bakin salatif ɗin, ya taho da shuɗin fenti da rabin hannun mutum. Shitu ya mayar, ya danne da babban yatsa.

Bizarsa ta ƙare tun bara. Duk maganar da ta kai ga 'yan sanda, fasfo ake fara tambaya.

Ya kira Alhaji ya nuna masa. Alhaji, mutumin zangon Kumasi, ya daɗe yana kallo.

"Liman, ka sa musu riga, ka kuma feɗe su," ya ce wa Shitu. Ba wanda ya yi dariya.

Madam Lin ta zo kafin la'asar. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗauki hoto, ta hana a taɓa sauran salatif ɗin. Ta ce masu inshora sai sun ga rahoton 'yan sanda, don haka duk wanda ya taɓa kabad ya jira. Ta fita yin waya.

"Maigida, yaya zan yi?" in ji Shitu.

"Ƙofar baya a buɗe take," in ji Alhaji, bai dube shi ba. "In ka fita, ban san ka ba. In ka tsaya, Kano za su mayar da kai."

Shitu ya ajiye almakashinsa a kan wani kwali. Ya bi tsakanin dilolin kaya, ya fita, ya shiga cikin masu saye da ke tahowa daga tashar jirgin ƙasa, yana tafiya a hankali kamar mai neman shago.