Kan Keken Ɗinki a Jirgin Ƙarshe

Ni ce mai karɓar tikiti a jirgin fito da ke kai mutane tsallaken kogi, kuma ranar da aka ce za a daina aikinsa ban ji tausayin kaina ba kamar yadda na ji na mahaifiyata, Umma. Yayarta, wadda muke kira Inna, a tsallake take. Sun yi shekaru ba sa magana, tun da Kaka ta rasu aka raba kekenta na ɗinki. Inna ta ɗauke kan, Umma ta riƙe teburin da mataki, kowa ta rantse ba za ta saki nata ba. Tun daga nan ko tsumma keken bai sake ɗinkawa ba.

Gabar tasu ma abin dariya ce. Kullum da safe Umma za ta miƙa mini kwando da lemo ko man shafawa a ciki, ta ce, "Kai wa matar can kwandonta, ya tare mini wuri." Da yamma Inna za ta dawo da shi cike da albasa, ta ce, "Ki ce mata ba nawa ba ne." Idan jirgi ya daina aiki, sai a zagaya da mota wuni guda, kuma gwiwoyin tsofaffin nan ba za su ɗauka ba. Na san in ba su haɗu ranar ba, da wuya su sake ganin juna.

A sahun ƙarshe jirgi ya cika maƙil. Masu kifi, 'yan kasuwa, har waɗanda ba su da abin yi a tsallake, kowa ya zo ban kwana, ana waƙa ana buga bokiti. Sai ga Umma da sabon gyale, rungume da kwando.

"Umma, ina zuwa?"

"Ina ruwanki? Yagi tikitinki."

Matsayar tsallake tana da ƙa'ida: masu sauka su bi katakon hagu, masu shiga su bi na dama, da shingen kwano a tsakani. Umma ta sauka ta hagu. Ni kuma ina dama ina yagar tikiti ko ɗaga kai ba na yi. Sai da muka kai tsakiyar ruwa na ji an ja mini hannu. Inna ce zaune a kan benci, da ƙullin kaya da wani buhu mai nauyi a kan cinyarta.

"Uwarki tana gida dai ko?"

"Inna! Ai ta sauka, wurinki ta tafi!"

Inna ta saki baki. "Ka ji taurin kai! Ba za ta zauna a zo mata ba?" Sai kuma hawaye, tana sharewa tana ci gaba da faɗa.

Na haye wurin Baba Direba da gudu. Tsoho ne mai ƙorafi, ko sannu ka ce masa sai ya tambaye ka dalili. Ya saurare ni yana taɓe baki.

"Wannan kwandon ya fi kowane fasinja hawa jirgina," in ji shi, "kuma bai taɓa biya ba. Ki ce kowa ya riƙe da kyau."

Ya danna ƙaho, ya murɗa sitiyari. Da fasinjoji suka ji dalili sai ihu da tafi, wani mai kifi yana cewa ai an yi musu gyara.

Mun tarar da Umma a matsaya, maƙwabta sun gaya mata Inna ta tafi. Tana zaune a kan kwandon kamar wadda kasuwa ta watse ta bari. Da katako ya taɓa ƙasa, Inna ta manta da gwiwa, ta bi ta hagu, Umma kuma ta nufi dama. Jirgi duka ya ɗauka, "A'a! Ku tsaya!" Sai da na riƙo Umma na zagayo da ita.

Suka tsaya suna kallon juna.

"Yaya, kin tsufa," in ji Umma.

"Ke kuma yarinya kika koma ko?"

Umma ta faɗa jikinta. Ni da na sha jigilar kwandon nan ina ƙunƙuni, kuka na yi sosai, ban ji kunyar kowa ba.

A hanyar komawa Inna ta kwance bakin buhu. Kan keken ne, an goge shi da mai yana sheƙi.

"Ba ba ki na yi ba," in ji ta. "Teburina na biyo."

Washegari ba ni da aikin zuwa, amma ban yi barcin safe ba. Ƙarar keke ce ta tashe ni daga ɗakin Umma, ita tana taka mataki, Inna tana tura yadi tana cewa ta cika sauri. Kwandon yana ƙarƙashin tebur, sun cika shi da zare.