Makullin da ke Aljihun Shu'aibu

Motar yayana Shu'aibu makulli ɗaya gare ta tun ranar da ya sayo ta a Maraɗi, kuma makullin nan ba ya rabuwa da aljihunsa. Irin mai baƙin kai ne da maɓalli, wanda in ka danna daga nesa mota ta yi ƙyas, fitilunta su ƙifta. Motar ba ta fita sai ranar kasuwa, garka ma, lambunsa na ƙetaren tabki, da ƙafa yake zuwa har bakin ruwa, amma Shu'aibu mutum ne mai son a san ya iso. Duk la'asar in ya dawo, tun daga bakin lungu yake dannawa. Matarsa Zulai ta ji ƙyas daga ƙarƙashin rumfa, ta tashi ta ɗebo masa ruwa.

A ƙarshen damina, da gulbi ya cika tabki har ya haura garake, ya shiga jirgi zai ƙetare ya ɗauko injinsa na ban-ruwa kafin ruwa ya ci shi. Jirgin aka samu a kife cikin ciyawa. Masunta suka yi ta nema har suka gaji. Ba a ga Shu'aibu ba, ba a ga ko takalminsa ba.

Tunda babu gawa, babu jana'iza. Liman ya ce a jira, shi ba zai yanke wa mutum mutuwa ba alhali ba wanda ya gani. Sai gidanmu ya zama gidan da ba a san irin gaisuwar da za a yi masa ba. Mata su shigo, su zauna, su ce ya muka ji da haƙuri, su rasa abin ƙarawa. Ba mai cewa Allah ya jiƙan shi. Wata tsohuwa da bakinta ya suɓuce ta ce marigayi, Zulai da kanta ta miƙa mata takalmanta. Haka ta zauna, ba ta shiga takaba ba, ba ta kuma da miji a ɗaki, kullum kunnenta na ƙofar gida. Innarmu kuwa ta kame bakinta, sai tasbaha.

Ni Atika, ƙanwarsa, ina koyarwa a lakwal, makarantar boko, kuma na yi kukana na gama tun sanyi bai shigo ba. Na san tabkin Madarumfa, na san wanda ya kife cikinsa da cikar ruwa ba Legas ya tafi ci-rani ba. Abin da ke ƙona mini rai shi ne ganin Zulai tana ramewa a tsaye, ga mota a rumfa kaji sun mayar da ƙarƙashinta akurki, ga Inna da ciwon ƙafa ina ɗora ta bayan babur zuwa likita alhali ina da permin tuƙi a jaka.

Da bazara ta shigo na kira Ɗanladi, makaniken da ke duba motar a Maraɗi. Ya ce ko dai a jawo ta har garejinsa, ko in yi da kaina in ba ni da tsoro. Na ce masa mai tsayawa gaban aji kullum safiya wane tsoro ya rage mata? Ya kwatanta mini yadda zan kwance kubar ƙofa, inda makulli ke shiga, na aika masa, ya sa aka yanko makulli mai maɓalli daidai da ita. Ya haɗo da sabon batiri da wani ɗan akwati kamar na ashana, wanda ake soka wa ƙarƙashin sitiyari ya yi magana da salula, wato wayar hannu. Ya ce yankakken makulli ƙofa kaɗai yake buɗewa. Akwai 'yar ƙwaya cikin kansa, in mota ba ta san ta ba, ko ka kwana kana murɗawa ba za ta tashi ba. Sai an gabatar da shi gare ta, kamar baƙo.

Da hantsi na kori kajin, na ɗaura batiri, na jawo kujerar direba gaba don ni gajera ce, na soka akwatin. Zulai ta zo ta jingina da ƙofa tana kallona.

"Madam, yau kuma makanikanci aka koma?"

"Matarmu, in ta tashi ke za ni hwara kaiwa kasuwa ki sha iska."

Salula ta nuna rubutu da Faransanci. Makullin da mota ta sani: ɗaya. A ƙasa zaɓi biyu, ko a ƙara sabo, ko a goge duk wanda ta sani a fara daga farko. Ɗanladi ya riga ya faɗa mini cikin saƙon murya, har sau biyu ya nanata: in makulli ya ɓace, gogewa ake, a sa mota ta mance da tsohon.

"Mi ya ce?" in ji Zulai.

Da ƙarya na yi mata da an wuce wurin, amma na fassara mata yadda yake.

"In kin goge, ran da ya komo ya danna nashi, mi za ta yi?"

"Ba ta yin komi."

"Ke nan shi zo gidanshi, motarshi ta ƙi shi."

Ba ta ɗaga murya ba. Na waiga, na ga Inna a tabarma ta daina jan tasbaha, tana kallon yatsana. Abin da liman ya ƙi faɗa, abin da uwar da ta haife shi ba ta faɗa ba, ni ƙaramar gida ce zan danna shi da yatsa ɗaya a gabansu? Kunya ta kama ni. Na danna ƙara.

Na soka sabon makullin na murɗa kontak, na kashe, na sake murɗawa yadda salula ta ce. Kubobin ƙofofi suka yi ƙyas suka amsa. Makullin da mota ta sani: biyu. Na murɗa gaba ɗaya, injin ya yi tari ya kama. Maƙwabta suka leƙo ta katanga, har da mai guɗa. Ni kuwa kaina ya yi girma, na kashe ta, na kulle, na jefa makullin cikin jakata a ɗaki.

Ana idar da sallar la'asar, ina zaune ina gyaran zogale, motar ta yi ƙyas. Fitilunta suka ƙifta cikin inuwar rumfa.

Zulai ta miƙe tsaye kamar an tsikare ta. Na ruga ɗaki, makullin na cikin jaka, jakar na rataye a ƙusa. Na fito na ce ai waya ce ta saki a ciki, motar da ta daɗe a ajiye dole ɓera ya taɓa wani abu. Ban gama rufe baki ba na ga Zulai ta nufi randa da kwanon sha.

Washegari ma haka, ana idar da la'asar. Rana ta uku ma haka. Ɓera dai ba ya duba lokacin salla. Na ɗauki makullina na fita, ina tafiya ina dannawa, don in ga daga ina yake kamawa. Daga bakin lungu, wajen bishiyar dogon yaro, yana kamawa. Taku kaɗan bayanta, shiru. Ke nan mai dannawar nan, ko wane ne, cikin lungunmu yake tsayawa. Da la'asar ta yi na tsaya a ƙofar gida ina kallon lungun tun daga farkonsa har ƙarshe. Rana tarwai, babu kowa sai akuya kwance gindin katanga. A bayana motar ta yi ƙyas.

Na kira Ɗanladi raina a ɓace.

"Kin goge tsohon?" ya tambaya.

"Ban goge ba."

"To wani ya tsince shi."

"Cikin tabki yake tun damina, Ɗanladi."

Ta cikin ƙarar guduma a garejinsa ya amsa.

"Madam, makullin da ya sha ruwa haka ba shi aiki. In ma ya yi, ɗan batirin cikinshi ya kusa mutuwa, ba shi kamawa daga lungu. Sai dai in mai shi jingine yake da motar."

Na juya na dubi rumfar. Sai a lokacin na lura kajin da na yi ta fama da su ba su koma ƙarƙashin motar ba tun ranar da na ɗaura batiri.

Akwai wani tsoho Abarshi daga wajen Gabi, cikin masu bin al'adar kakanni, da ke kawo mana itace a amalanke. Ranar da ya zo jakinsa ya toge a bakin zaure, duka bai sa ya shiga ba. Abarshi ya sauke itacen nan waje, ya leƙa, ya daɗe yana kallon gefen direba.

"Ɗiyata, wa ya buɗe mashi hanya?"

Na ce ban gane ba.

"Aradu kin gane. Ruwa bai gama sakin shi ba, ku kuma ba ku sallame shi ba. Mutum ba shi zama tsakani shi kaɗai, abokin zama yake nema."

Na ji haushin maganar, don na ji tsoronta. Na so in shiga in goge nan take, amma Zulai ta ɗauke ɗan akwatin ta ɓoye. Ta canza gaba ɗaya. Ta yi kitso, ta sa lalle, ta fiddo 'yan kunnenta na aure. In la'asar ta gabato sai ta yi wanka ta ɗaura atamfa, ta zauna kusa da rumfa. Har ƙiba ta fara. Maƙwabta na cewa Zulai ta warware, ni kuwa in na ji dariyarta sai tsigar jikina ta tashi.

Wata ranar Laraba aka tsare mu da taro a lakwal, ban dawo ba sai da rana ta karkata, zafin nan na bazara da ko ƙadangare ba ya fitowa. Tun daga zaure na ji Inna na kiran sunan Zulai da wata irin murya. Na tarar da ita ta rarrafo har rumfa tana dukan ƙofar mota da tafin hannu.

Zulai na ciki, a kujerar mai zaman banza, gilasai a rufe. Inna ta ce da motar ta buɗe kanta sai Zulai ta shiga ta zauna, tana rufe ƙofa kubobin suka faɗa. Ta daɗe a ciki. Kanta ya langaɓe a gilashi, zufa ta jiƙe atamfar sharkaf, hannunta na jan mariƙin ƙofa a hankali, ƙofar ba ta buɗuwa.

Na danna makullina. Ƙyas, ta buɗe. Kafin hannuna ya kai, ƙyas, ta kulle. Na sake dannawa, aka sake kullewa. Wani ne ke ja da ni, kuma ya fi ni sauri.

Na ɗauko taɓarya na rafka wa gilashin baya, na zura hannu, na jawo ta ta nan da ƙarfin da ban san ina da shi ba. Iskar da ta fito daga motar ba zafi ne kawai cikinta ba, har da ƙarnin laka da ruɓaɓɓiyar ciyawar ruwa. Kujerar direba da na jawo gaba ta koma baya, daidai tsawon ƙafar Shu'aibu, kuma jiƙe take.

Muka kwantar da ita a inuwa, muka yi ta zuba mata ruwa. A hankali ta farfaɗo. Can ta ce, "Cewa ya yi mu tahi. Na ce ina, bai amsa ba. Na ce bari in hwaɗa ma Inna, sai ya riƙe ni." Ta dubi wuyan hannunta. "Madam, hannun mai rai ba shi sanyi haka."

Ta tashi da kyar, ta shiga ɗaki, ta zaro ɗan akwatin daga cikin kwallayenta. Na soka shi, rubutun ya fito. Ta ce in nuna mata wanne ne. Na nuna mata, ta danna da yatsanta mai lalle. Makullin da mota ta sani: babu. Na murɗa nawa, kubobin suka amsa, ya koma ɗaya.

Washegari da la'asar mu uku muna tsakar gida, ba mai kallon wani. Aka idar da salla a masallacin unguwa. Motar ba ta motsa ba. Na fara sauke numfashi ke nan, sai daga zaure aka ce, "Salamu alaikum."

Muryarsa ce. Ta yi nauyi, kamar ta mai magana da ruwa a baki, amma ko cikin kasuwa na ji ta zan gane. Tun da aka haife ni ban taɓa jin an yi sallama a gidanmu an ƙi amsawa ba, kuma amsawar ita ce izinin shigowa. Na ga leɓɓan Inna sun buɗe da kansu. Na damƙe hannunta.

"Salamu alaikum."

Zulai ta miƙe. Ta taka har tsakiyar gida ta fuskanci zauren.

"Shu'aibu," ta ce. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba sai ranar. "Allah shi jiƙan ka. Allah shi gahwarta maka, shi sa ka huta."

Inna ta ce amin, sannan ta fashe da kukan da ta riƙe tun damina. Muka saurara, muka yi ta saurare. Ba a sake sallama ba.

Zulai ta cire 'yan kunnenta ta sa mini a tafin hannu, ta ce in je in faɗa wa liman gobe za ta shiga takaba, a tara mutane a yi masa addu'a. Na ɗauki mayafina na fita. A bakin zaure ƙasa jiƙe take, daidai wurin tsayuwar mutum ɗaya. Na raɓa ta gefe na wuce.