Wasali na Shida

Yaran aji ɗaya suka ware ƙafafu, suka haɗa tafin hannu a saman kai, suka ce, "Aaa!"

Haka Malama Balaraba take koyar da wasula a makarantarta ta Kona, a gefen Jalingo. Tun da Jalingo ta zama babban birnin jiha ajinta ya cika maƙil, wannan da Mumuyanci, wancan da Fulatanci, Hausar ma sai a hankali. Da ta ga alli ya kasa, sai ta koma koya musu da jiki. A miƙe ƙyam, I ke nan. A zagaye hannuwa, O. A ɗaga su sama, U. Yaro ko bai ji maganarka ba, ai yana ganin gwiwarka.

Sai dai ƙugunta ya gaji. Kullum da safe takan shafa man zafi, ta ɗaure da tsohon ɗankwali a ƙarƙashin zane, ta shigo tana murmushin dole. Ta san halin hedimasta, Malam Andrawus: mutum ne mai tausayi, irin tausayin da ke raba mutum da aikinsa. Da ya ji labari zai mayar da ita ɗakin ajiyar littattafai. Ita kuwa ajin nan ne kaɗai abin da ke tashinta daga gado.

Ranar Alhamis ya leƙo zagaye, ya tsaya bakin ƙofa.

"Madam, bari mu ga wannan rawa naku," in ji shi. "Yara, wasula nawa ne?"

"Shida!" suka amsa baki ɗaya.

Hedimasta ya nuna wata 'yar ƙarama mai suna Asta, ya ce ta fito ta nuna masa.

Asta ta yi A, ta yi E, ta bi su tsaf har U. Sannan ta sauke hannuwa, ta dafa ƙugu, ta yamutsa fuska, ta ce, "Wash!"

Aji duka suka dafa ƙugu. "Wash!"

Ba wanda ya yi dariya, don su a wurinsu karatu ne. Balaraba ta ji kunya ta rufe ta. Ashe duk ɓoyon da take yi, a gaban masu kwaikwayo take yin sa.

"Tun yaushe, Madam?" Malam Andrawus ya tambaya a hankali.

"Ya ɗan jima, ranka ya daɗe."

"Za ki kashe kanki a kan a, e, i? To, zaɓi ɗaya: ko kujera, ko siton littattafai."

Ta zaɓi kujera.

Ran Litinin ta tarar da ita a gaban allo, mai hannu, har da matashi. Ta daɗe tana kallonta kafin ta zauna. Daɗin da ƙugunta ya ji ya ba ta haushi.

Yaran suna tsaye, sun zuba mata ido. Can sai suka lanƙwasa gwiwa, suka tura ɗuwawu baya, suka zauna a kan iska, ƙafafunsu na rawa.

"Malama," in ji Asta tana nishi, "wannan shi ne wane harafi?"

Balaraba ta dubi allin da ke hannunta.

"Ku miƙe," ta ce. "Wannan ba a rubuta shi."