Fitilar Laweri

A ƙarƙashin kowane idon kifin laweri akwai 'yar fitila shuɗiya da ba ta fi ƙwayar wake ba, yana kunnawa yana rufewa yadda ya ga dama. Ita masunta a tsibirin Banda ke yankowa su ɗaura a ƙugiya, manyan kifaye su biyo hasken. Amma tun da masu jefa nakiya, Allah ya isa, suka mai da duwatsun murjani tsakuwa, sai a shekara ba a ga laweri ko ɗaya ba.

Ran nan da yamma Taslim ya kamo guda, ya shigo da shi cikin gora, baki har kunne. An yi makonni ana cin rogo zalla a gidansa.

Matarsa, Wa Ruhaya, ta tare shi a ƙofa, ta ce ba za a yanka kifin nan ba sai mahaifinta, La Maani, ya gan shi. La Maani tsohon masunci ne, cutar yanar ido ta rufe masa idanu, ba ya bambance fuskar 'yarsa da bango. Hasken laweri kaɗai ke ratsa duhun nan nasa, shi ma rabonsa da shi tun bara waccan. Kullum sai ya tambaya, kuma duk gidan sun san ba kifin yake tambaya ba, so yake ya ji ko da sauran gani a idonsa.

Taslim ya yi gunaguni, ya ce ruwa zai janye, yunwa kuma ba ta san suruki ba. Ta tsare shi da ido. Ya sauke gorar.

Bayan magariba suka juye kifin a kwano, suka rufe taga, suka hure fitila. Laweri ya zagaya, ya buɗe haskensa. Bango ya yi shuɗi, haka gemun tsohon, haka hannun Wa Ruhaya da ke bakin kwanon. Ni dai, maƙwabcinsu da na shigo kallo, ban taɓa ganin abin da ya kai wannan kyau ba, ban kuma taɓa jin tausayin mutum kamar na ranar ba.

La Maani ya sunkuya, hancinsa ya kusa taɓa ruwan. Ya jima a haka.

"To, ku kawo shi mana," ya ce. "Me ake jira?"

Wa Ruhaya ta ce ai kifin ya mutu a hanya, fitilarsa ta mutu tare da shi. Taslim ya karɓe da sauri, ya ce laifinsa ne, shi ya bar gorar a rana.

"Dama kai ko teku aka ba ka ajiya sai ta bushe," in ji tsohon. Suka yi 'yar dariyar dole.

Sai kifin ya kaɗa wutsiya, ruwa ya fantsamo wa La Maani a kumatu. Ya sa yatsa ya shafa wurin a hankali, ya ɗanɗana gishirin. Ya gyara zama, ya jingina da bango.

"Ɗauke shi, Taslim, kada ruwa ya janye," ya ce. "Ka sa wuƙar daga ƙasa, kada ka fasa fitilar. Yara na jin yunwa."